Selman Waksman: Malamin da ya nemo magani a cikin ƙasa, da ɗalibin da ya maka shi a kotu

An haifi Selman Abraham Waksman a ranar 22 ga Yuli, 1888, a wani ƙaramin gari mai suna Nova Pryluka, a ƙasar Yukren ta yanzu, lokacin tana ƙarƙashin daular Rasha. Bayahude ne, kuma a wancan zamani gwamnati ta taƙaita wa Yahudawa shiga jami'a. A 1910 ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya karanci aikin gona a Rutgers, sannan ya sami digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya a 1918.

Ƙasar noma ita ce fagen bincikensa. Ya shafe shekaru yana nazarin ƙananan halittun da ke cikinta, waɗanda wasunsu ke fitar da sinadarai masu hallaka maƙwabtansu. A 1940 shi da ɗalibinsa Boyd Woodruff suka samo actinomycin, amma dafinsa ya yi wa jikin mai rai yawa.

A watan Oktoba na 1943 wani ɗalibin nasa mai shekara 23, Albert Schatz, ya tace streptomycin a ɗakin gwaje-gwajen da ke ƙarƙashin ginin sashensu. Shi ne maganin farko da ya yi tasiri sosai a kan tarin fuka.

Daga baya masana suka gano yadda yake aiki. Ƙwayar bakteriya ba ta rayuwa sai da furotin, kuma tana ƙera shi ne a wata 'yar masaƙa da ke cikinta mai suna ribosom. Streptomycin yana manne wa ƙaramin ɓangaren masaƙar, sai ta riƙa karanta umarnin gado a karkace, ta fitar da gurɓataccen furotin har ƙwayar ta mutu. Masaƙar jikin ɗan Adam ta bambanta da ta bakteriya, shi ya sa majiyyaci ke tsira, ko da yake maganin na iya taɓa ji da ƙoda.

Da kuɗi suka fara shigowa, zumunci ya lalace. Schatz ya sa hannu ya miƙa haƙƙin mallakarsa ga gidauniyar jami'a, daga bisani ya gano malaminsa na karɓar kaso daga ribar. A 1950 ya shigar da ƙara. Aka sasanta a wajen kotu, aka amince tare suka gano maganin, aka ba shi kashi 3 cikin ɗari, Waksman kuma kashi 10. Duk da haka, a 1952 Waksman kaɗai aka ba lambar yabo ta Nobel. Elizabeth Bugie, wadda sunanta ke kan maƙalar 1944, ba ta shiga takardar mallaka ba.

Waksman yana da nasa alherin. Ya shawo kan kamfanin Merck ya saki haƙƙinsa na sarrafa maganin shi kaɗai, wasu kamfanoni suka shigo, kuma da ribar aka gina cibiyar bincike a Rutgers. Ya rasu a ranar 16 ga Agusta, 1973. Sai a 1994 jami'ar ta karrama Schatz.

Tun a gwajin da aka wallafa a Birtaniya a 1948 aka ga ƙwayoyin tarin fuka sun fara bijire wa streptomycin. Irin wannan bijirewa na cikin abin da ya sa masana a yau ke gwada man tsirrai, irin na kanumfari da kirfa, waɗanda a ɗakin gwaji ke raunana fatar bakteriya, don ganin ko za su taimaka wa magunguna. Nasara a kwanon gwaji ba ta zama hujjar magani ba.

Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi addaba a Afirka, don haka irin wannan bincike ya shafi majiyyaci a Kurfi da Shema, ya kuma shafi ɗalibin kimiyya a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Abin da ya kai Schatz ga haƙƙinsa kotu ce, littafin da yake rubuta aikinsa na kullum kuma ya zama shaidar abin da ya yi. Ɗalibin da ke kwana a ɗakin gwaji ya adana nasa, ya kuma karanta kowace takarda kafin ya sa hannu.