Felix Bloch, Masanin Da Ya Bayyana Katangar Cikin Maganaɗisu

An haifi Felix Bloch ran 23 ga watan Oktoba na 1905 a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan. Mahaifinsa Bayahude ne, ɗan kasuwa mai sayar da hatsi. A 1924 ya shiga Babbar Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke birnin da niyyar zama injiniya, amma bai daɗe ba ya karkata ga ilmin fizik. A 1927 ya tafi Laifzig ta ƙasar Jamus, inda ya zama ɗalibi na farko da Shehun Malami Werner Heisenberg ya horar har ya sami digirin dakta. A 1928 ya kammala da wani bincike kan yadda ƙwayoyin lantarki ke ratsa ƙarfe, wanda har gobe ake koyar da shi a jami'o'i.

Daga nan sai ya mai da hankali ga maganaɗisu, wato mayen ƙarfe. Tun a 1907 wani masani Bafaranshe, Pierre Weiss, ya yi hasashen cewa cikin ƙarfe ya kasu unguwa-unguwa. A kowace unguwa ƙwayoyin zarra sun fuskanci nahiya guda, tamkar ƙananan alluran kamfas, amma maƙwabciyarta ta fuskanci wata nahiya dabam. Don haka ƙarfin wannan yakan soke na waccan, shi ya sa ƙusar da ba a goga wa maganaɗisu ba ba ta jan allura. Abin da ya rage a sani shi ne yanayin iyakar da ke tsakanin unguwa da unguwa.

A 1932 Bloch ya nuna cewa wannan iyaka tana da kauri. Dalili kuwa shi ne ƙarfi biyu ke ja-in-ja a wurin. Na farko yana son kowace ƙwaya ta yi daidai da ta kusa da ita, saboda haka ya fi son juyawar ta gudana sannu-sannu cikin fili mai faɗi. Na biyu ya samo asali ne daga tsarin ginin ƙarfen kansa, wanda ke da nahiyoyin da ya fi sauƙin fuskanta, saboda haka yana matsa wa juyawar ta ƙare da wuri. Inda suka yi sulhu nan ne kaurin katangar, wanda a baƙin ƙarfe ya haura jerin ƙwayoyin zarra ɗari. Wannan iyaka ita ake kira Katangar Bloch. A 1935 Landau da Lifshitz na Tarayyar Sobiyet suka ƙara wa bayanin inganci, a 1955 kuma Louis Néel na Faransa ya nuna cewa a ƙarfe mai tsananin siranta juyawar kan ɗauki wata siga dabam.

Muhimmancin katangar yana cikin tafiyarta. Idan aka kusanto da maganaɗisu, unguwar da ta dace da shi takan faɗaɗa ta ci ƙasar maƙwabtanta, wato katangar ce ke gusawa. In ta tarar da datti ko aibi a cikin ƙarfen sai ta maƙale, sai an ƙara ƙarfi ta kuɓuce da tsalle. Ƙarar irin wannan tsalle ce Heinrich Barkhausen ya ji ta na'urar ƙara sauti a Diresdin a 1919. A kan wannan ne masu ƙera kayan lantarki suka dogara: cikin taransifoma ana son ƙarfen da katangunsa ke tafiya salin-alin don kada wuta ta salwanta ta zama zafi, shi kuwa maganaɗisu na dindindin ana son wanda katangunsa suka kafe.

Bloch bai samu zama a Jamus ya ci gaba da aikin ba. Da Hitila ya hau mulki a 1933 aka shiga korar Yahudawa daga jami'o'i, sai ya bar Laifzig. A 1934 Jami'ar Istanfod ta Amurka ta ɗauke shi, ya zama ɗan ƙasar a 1939. A wannan shekara shi da Luis Alvarez suka auna ƙarfin maganaɗisun ƙwayar niyutiron. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi 'yan watanni a Los Alamos, inda ake haɗa bam na ƙare-dangi, sa'an nan ya koma Jami'ar Habad kan aikin na'urar rada.

A 1946 ya fito da hanyar gano maganaɗisun tsakiyar ƙwayar zarra ta amfani da igiyar rediyo. Edward Purcell na Habad shi ma ya kai ga haka ta tasa hanyar, aka haɗa su aka ba su Lambar Nobel a 1952. Wannan bincike shi ne tushen na'urar MRI da likitoci ke duba cikin jikin majiyyaci da ita ba tare da fiɗa ba. A 1954 aka naɗa shi Babban Darekta na farko na CERN, cibiyar binciken nukiliya ta Turai da ke Janiba, amma bayan shekara guda ya ajiye muƙamin ya koma koyarwa da bincike a Istanfod.

Ya rasu a Zurik ran 10 ga Satumba, 1983, yana da shekara 77. Bayan rasuwarsa katangar ta sami sabon aiki. A 2008 Stuart Parkin da abokan aikinsa a kamfanin IBM suka nuna yadda wutar lantarki ke tura katangu cikin waya mai siranta ainun, wadda silin gashin kai ya ninka ta kauri sau ɗaruruwa. Kowace unguwa tana riƙe da ɗigon bayani guda, a jere kamar taragun jirgin ƙasa, kuma an auna gudun katangun ya kai ɗaruruwan mita cikin daƙiƙa. Burin shi ne rumbun ajiyar kwamfuta marar sassa masu juyawa, wanda ba ya mantuwa in an ɗauke wuta. Matsalar da masana ke fama da ita kafin ya shiga kasuwa ita ce ta tun zamanin Barkhausen da Bloch: yadda za a sa katangar ta tashi lokacin da ake so, ta kuma tsaya daidai inda ake so.