Tarihin Robert Koch, likitan da ya koya wa duniya gwajin ruwan sha

A duk lokacin da jami'in kiwon lafiya ya ɗebi ruwa a kwalba daga wata rijiya a Gwarzo ko rijiyar burtsatse a Kabo ya kai ɗakin gwaje-gwaje, hanyar da zai bi wajen ƙidaya ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ta samo asali ne daga aikin wani likitan ƙasar Jamus mai suna Robert Koch.

Shi dai Koch an haife shi ne a ranar 11 ga watan Disamba na shekarar 1843 a garin Clausthal, inda mahaifinsa ke aikin haƙar ma'adinai. Ya kammala karatun likita a jami'ar Göttingen a shekarar 1866, sa'annan a 1872 aka naɗa shi likitan gunduma a ƙaramin garin Wollstein, wanda a yanzu yake cikin ƙasar Poland. A can ne ya keɓe wani sashe na ɗakin da yake duba marasa lafiya domin bincike da madubin likita, har ya tabbatar a shekarar 1876 cewa wata ƙwayar halitta ce ke haddasa ciwon saifa da ke kashe dabbobi. Wannan nasara ta sa aka kira shi Berlin a 1880, inda a ranar 24 ga watan Maris na 1882 ya bayyana gano ƙwayar cutar tarin fuka.

Dabarar da ya ƙirƙiro kuwa ita ce shuka ƙwayoyin a kan wani daskararren abinci maimakon cikin romo. Kowace ƙwaya guda sai ta hayayyafa a inda ta faɗa har ta zama ɗigon da ido ke iya gani, ta haka ake iya ƙidaya yawan ƙwayoyin da ke cikin ɗan ruwa kaɗan, ko da ruwan garai-garai yake.

A shekarar 1883 gwamnatin Jamus ta tura shi Masar sakamakon ɓarkewar annobar kwalara, daga nan ya zarce birnin Kalkata na ƙasar Indiya. A farkon 1884 ya ware ƙwayar cutar, mai lanƙwasa kamar waƙafi, ya kuma same ta a cikin wani kududdufi da mutanen unguwa ke sha, suke kuma wanke tufafin majinyata a ciki. Ko da yake Filippo Pacini na Italiya ya riga shi ganin ƙwayar a 1854, shekarar da John Snow ya danganta annobar Landan da wani famfo, binciken Koch ne duniya ta saurara.

To sai dai ba kowa ne ya amince ba, domin wasu manyan masana irin su Max von Pettenkofer sun dage cewa cutar daga ƙasa da gurɓatacciyar iska take tasowa. Annobar Hamburg ta shekarar 1892 ce ta raba gardama. Birnin yana shan ruwan kogin Elbe ba tare da tacewa ba, kuma kimanin mutane 8,600 suka rasa rayukansu, alhali maƙwabcinsa Altona, wanda ke ɗiban ruwa daga wannan kogi amma yana tace shi da yashi, bai yi asara mai yawa ba. Daga nan Koch ya ba da shawarar a riƙa gwada ruwan matatu a kai a kai, kuma kada ƙwayoyin su wuce 100 a cikin mililita guda.

Rayuwarsa ba ta rasa tuntuɓe ba. Maganin tarin fuka da ya gabatar a 1890 bai warkar ba, haka nan maganin da ya gwada wa masu ciwon barci a tsibiran tafkin Victoria a 1906 da 1907 ya makantar da wasu daga cikinsu. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 1905, ya kuma rasu a garin Baden-Baden a ranar 27 ga watan Mayun 1910 yana da shekaru 66.

A yau masu gwaji sun fi neman ƙwayar E. coli, wadda ke nuna cewa bayan gida ya shiga ruwa, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ko guda a cikin mililita 100. Kwalara ta shigo Nijeriya a 1970, kuma binciken annobar da ta auka wa birnin Kano a 1995 da 1996 ya danganta ta da ruwan da ake saye a hannun 'yan garuwa da kuma rashin wanke hannu da sabulu. A karkarar Gwarzo da Kabo, inda rijiya kan kasance kusa da masai, abin da Koch ya gani a kududdufin Kalkata na iya faruwa a kowace damina, muddin ba a gwada ruwan, ba a tafasa shi, ba a kuma sa masa sinadarin kulorin ba.