Dakta Janet Travell: Likitar da ta bi sawun ciwon tsoka har Fadar White House

Ɗan kasuwar da ke wuni a mota tsakanin Tsamiya ta ƙaramar hukumar Bagudo da Segbana ta Jamhuriyar Benin, da ma'aikacin da ke duƙe kan tebur tun safe, sun san wani ciwo da ke kama wuya da kafaɗa da ƙugu, a ɗauki hoton ƙashi a ce ba a ga komai ba. Matar da ta fi kowa wahala wajen gano asalin irin wannan ciwo Ba'amurkiya ce, Dakta Janet Travell.

An haife ta a birnin New York ranar 17 ga Disamba, 1901. Mahaifinta, John Willard Travell, likita ne. Ta yi karatu a Kwalejin Wellesley, ta kammala karatun likitanci a Jami'ar Cornell a 1926, inda daga baya ta koyar da ilimin magunguna. A 1929 ta auri John Powell, suka haifi 'ya'ya mata biyu.

Da cututtukan zuciya ta fara. Amma a asibitin masu tarin fuka na Sea View, da sashen masu ciwon zuciya, ta lura marasa lafiya da yawa sun fi kuka da ciwon kafaɗa da hannu fiye da cutar da ta kwantar da su. Likitan huhu ya ɗora laifin a kan huhu, na zuciya ya ɗora a kan zuciya. Ita kuwa sai ta sa yatsa tana lalubar tsokar, ta riƙa cin karo da wani ɗan ƙulli mai tauri a cikin zaren tsoka da ya ɗaure tamau. Da ta danna shi, sai mara lafiya ya zabura, ya ji ainihin ciwon da ya saba ji, sau da yawa a wani wuri mai nisa da inda yatsanta yake. Ita kanta ta yi fama da ciwon kafaɗa, mahaifinta ne ya yi mata allurar procaine, maganin kashe zafi, a irin waɗannan ƙulle-ƙulle, ta samu sauƙi.

Wannan tafiyar da ciwo ke yi daga tushensa ita ce zuciyar aikinta. Tun a 1938 wani likita a Ingila, J. H. Kellgren, ya nuna cewa idan aka zuba ruwan gishiri a cikin tsoka, ana jin zafin a wani sashen jiki dabam. Travell ta ɗora a kan haka, ta zana taswirar kowace tsoka da inda take aika ciwonta. Ƙullin da ke tsokar saman kafaɗa yana hawa gefen kai ya zama ciwon kai. Na tsokar allon kafaɗa yana fitowa ta gaban kafaɗa. Na gefen ɗuwawu yana gangarawa ƙafa, har a zaci jijiyar baya ce ta matse. Na tsokar ƙirji kan yi kama da ciwon zuciya, abin da ya sa dole a fara tabbatar da lafiyar zuciyar kafin a zargi tsoka. Ta wallafa bincikenta na farko a kan wannan ciwo a 1942, sannan a 1952 ita da Seymour Rinzler suka fitar da maƙalar da ta yaɗa sunan cutar, wato ciwon tsoka da tantanin da ya lulluɓe ta.

Maganinta ba shi da tsada. Ko ta yi allura a kan ƙullin, ko ta fesa wa fata ruwan magani mai sanyi sannan ta miƙe tsokar a hankali, ta bi da ɗumi. Inda ta fi takwarorinta shi ne naci wajen neman abin da ke maido da ciwon: kujerar da ba ta dace da jiki ba, ƙafa ɗaya da ta gaza ɗaya tsawo, zama a kan jakar kuɗi a aljihun baya, maƙale wayar tarho tsakanin kunne da kafaɗa, ƙarancin wasu sinadaran abinci.

A 1955 aka kawo mata Sanata John F. Kennedy yana dogara sanduna, bayan tiyatar baya da ba ta yi masa amfani ba. Ta gano ƙafarsa ta hagu ta ɗan gaza ta dama, ta sa aka ƙara wa takalminsa tudu, ta yi masa allurai, ta kuma ba shi shawarar zama a kujera mai lilo, wadda daga baya ta zama alamarsa. Da ya hau mulki a Janairun 1961 ya naɗa ta likitarsa, mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami.

Zaman bai tafi sumul ba. Wani likitan fadar, George Burkley, ya ga alluran sun yi yawa alhali bayan shugaban bai ƙara ƙarfi ba, sai aka kawo Dakta Hans Kraus a ƙarshen 1961 ya ɗora shi kan motsa jiki. Kennedy ya ji daɗin hakan, kuma a nan gaskiya tana wajen Burkley: allura tana kwance ƙulli, amma ba ta gina tsoka. Travell ta ci gaba da aiki a fadar zamanin Lyndon Johnson har 1965.

Babban aikinta ya zo ne bayan ta tsufa. Ta haɗa kai da Dakta David Simons, likitan sojan sama da ya hau balan-balan zuwa nisan kusan kilomita 31 a 1957, suka rubuta littafin Myofascial Pain and Dysfunction: The Trigger Point Manual. Juzu'i na farko ya fito a 1983, na biyu a 1992, tana da shekara 90.

Har yau masana ba su gama muhawara a kansa ba. A 1979 likitan ƙasar Cekosulobakiya, Karel Lewit, ya nuna tsinin allurar kaɗai, ba tare da magani ba, yana iya kawo sauƙi. Wasu kuma sun nuna cewa likitoci biyu kan saɓa wajen gano ƙulli a jikin mutum ɗaya. Duk da haka, masu gashin ƙashi da motsa jiki a asibitoci suna amfani da taswirorinta wajen tausa da miƙe tsoka.

Ta rasu ranar 1 ga Agusta, 1997, a garin Northampton na jihar Massachusetts, tana da shekara 95.