Shehu Magili da Ilmin Manɗiƙi

A hutun da ya wuce na je gida Fadan Kaje, na tarar ƙanwata tana shirin jarrabawar shiga sashen koyon aikin lauya. Wata tambaya ta tsaya mata a rai: in wasu 'yan kasuwa maƙaryata ne, wane kuma ɗan kasuwa ne, shin dole ya zama maƙaryaci? Amsar ita ce a'a, domin “wasu” ba “duka” ba ne. Ta ce mini wannan karatun Turawa ne. Na ce mata a'a, sunansa manɗiƙi, kuma wani gwaninsa ya zauna a Kano fiye da shekara 500 da suka wuce.

An haifi Muhammadu bn Abdulkarim al-Magili a Tilmisan, cikin Aljeriya ta yau, a ƙarni na 15. Ya yi karatu wurin Shehu Abdurrahman Sa'alabi, daga baya ya koma Tuwat da ke cikin Sahara. A can ne ya yi fatawar a rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda da fatawar ba, amma duk da haka wajen shekarar 1492 aka rushe wurin, aka kuma kashe mutane.

Daga nan Magili ya biyo ta Azbin ya shigo ƙasar Hausa, ya ziyarci Katsina da Kano. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya rubuta littafin Tajuddini, inda ya bayyana wajiban sarki wajen mulki da shari'a. Har yau akwai zuriyarsa a unguwar Sharifai. Bayan Kano ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, wanda ya hau mulkin Songai a 1493, ya amsa masa tambayoyi kan shari'a.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne muhawararsa da Jalaluddini Suyuɗi na Alƙahira. Suyuɗi na ganin bai halatta a karanta manɗiƙi ba, tunda daga Girkawa ya samo asali. Magili kuwa ya kare shi a waƙe, yana ganin ma'auni ne na tantance hujja, kuma asalin mai magana ba ya ɓata gaskiyar maganarsa. Ya kuma tsara ƙa'idojin fannin cikin wata waƙa mai suna Minahul Wahhabi.

Amma fa sanin ƙa'ida daban, riƙe ta ranar ɓacin rai daban. Yana Gawo labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Nan take ya nemi Askiya ya kama mutanen Tuwat da ke garin, aka kuwa kama su. Sai da malamin Timbuktu, Mahmudu bn Umar, ya nuna cewa waɗannan bayin Allah ba su da hannu a kisan, sannan aka sake su. Ka ga gwanin manɗiƙi ya ɗora laifin “wasu” a kan “duka”, kuskuren da ƙanwata ke koyon kauce wa. Magili ya koma Tuwat, ya rasu a can wajen 1504.

Da na gama ba ta labarin, sai ta yi shiru, domin mu 'yan kudancin Kaduna mun san abin da ke biyo baya in aka ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabilarsa ko addininsa. Mu ɗaliban harshe ma wannan ya shafe mu, tunda da kalmomi ake gina hujja, kuma kalma ɗaya tana iya kai marar laifi kurkuku. Laifin wani ba ya shafar wani, in ji Hausawa. Ta jawo littafinta, muka koma kan tambaya ta gaba.