Sa'ad Zaglul: ɗan ƙauyen da ƙuri'ar talakawa ta kai gaban sarki

Yau filinmu na tarihin magabata ya leƙa ƙasar Masar, zamanin da sarki ke kan gadon mulki, Turawan Ingila kuma na riƙe da wuƙa da nama.

An haifi Sa'ad Zaglul wajen shekara ta 1859 a ƙauyen Ibyana, kuma mahaifinsa shi ne mai garin. Ya yi karatu a Azhar, ya zama lauya, ya zama alƙali, a 1906 kuma aka ba shi ministan ilimi. Da ya tashi neman ƴancin ƙasarsa, sai Turawa suka kama shi a watan Maris na 1919, suka kai shi tsibirin Malta. Ai kuwa ƙasa ta ɗau zafi, birni da ƙauye, maza da mata suka fito. Daga baya an sake korar shi zuwa tsibiran Seshel.

A 1923 Masar ta samu kundin tsarin mulki mai majalisar dokoki a ƙarƙashin Sarki Fu'ad. A watan Janairun 1924 aka yi zaɓe, jam'iyyar Sa'ad mai suna Wafd ta kwashe kusan kujeru 9 cikin kowane 10. To ga abin lura, jama'a: faraministan da ya shirya zaɓen, Yahaya Ibrahim Basha, shi kansa ya faɗi a mazaɓarsa, kuma bai taɓa sakamakon ba. Har gobe ana misali da shi in ana zancen zaɓe marar maguɗi. Haka Sa'ad ya zama faraminista.

Sai dai mulkin bai kai shekara ba. A watan Nuwamba aka harbe Lee Stack, Baturen da ke shugabantar sojan Masar, a Alƙahira. Ingila ta ɗora wa gwamnati sharuɗɗa masu nauyi, Sa'ad ya ajiye aiki. A zaɓen 1925 gwamnatin da fada ke mara wa baya ta matsa wa ƴan Wafd lamba iya ƙarfinta. Duk da haka, ran 23 ga Maris, da depitoci suka zauna, Sa'ad suka zaɓa shugaban majalisa. A ranar nan, tun kafin a kwana, sarki ya rushe majalisar.

Jama'a ba su juya baya ba. A 1926 Wafd ta sake lashe zaɓe, Sa'ad ya koma kujerar shugaban majalisa, yana kanta har rasuwarsa ran 23 ga Agusta 1927.

Ƙuri'ar manoman Masar an ƙirga ta daidai a 1924, amma ikon rushe majalisa yana hannun sarki, shi ya sa sai da suka yi ta sake kaɗa ta. Allah ya jiƙan magabata. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.