Al-Kindi, malamin Bagadaza da ya fara koyar da fasa rubutun sirri

A zangon karatun da ya wuce, saura mako uku mu miƙa furojet, laftof ɗin abokin zamana a hostal ta ƙi tashi. Ya kai ta wurin mai gyara, aka canza mata babban allon ciki, wanda masu gyara ke ce wa bod. Da aka kunna sai ta tsaya cak, tana neman wata doguwar lambar ceto da shi bai ma san akwai ta ba. Babi huɗu na aikinsa suna ciki. Mun zaga masu gyara har uku, kowa maganarsa ɗaya: in babu lambar, sai dai fomatin. Na yi ta mamaki, wai duk gwanintar nan a ce babu mai iya fasa kulle ɗaya? Neman amsar ne ya kai ni ga wani mutum da ya rasu shekara fiye da 1,100 da suka wuce.

Sunansa Abu Yusuf Yaƙub ibn Ishaƙ al-Kindi. An haife shi a Kufa, cikin ƙasar Iraƙi ta yau, wajajen shekarar 801 Miladiyya. Ɗan babban gida ne daga ƙabilar Kinda, kuma mahaifinsa ya riƙe gwamnan Kufa a zamanin Abbasiyawa. Da ya tasa sai ya koma Bagadaza neman ilimi, a daidai lokacin da halifofi ke zuba kuɗi a fassara littattafan Girkawa, Farisawa da Indiyawa zuwa Larabci. Al-Kindi ya samu shiga wurin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Ya tara masu fassara a ƙarƙashinsa, yana duba abin da suka fassara yana gyara Larabcinsa. A zamanin Halifa Mu'utasim darajarsa ta ƙara hawa, har aka ba shi tarbiyyar ɗan halifa, Ahmad.

In da yau ne, da an rasa sashen da za a ajiye shi a makarantarmu. Ibn Nadim, mai littafin Fihrist, ya lissafa masa rubuce-rubuce fiye da 200. Ya yi rubutu kan falsafa, har ake masa laƙabi da Falsafin Larabawa. Ya yi kan lissafi da lambobin Indiya, waɗanda su ne asalin waɗanda muke amfani da su yanzu. Ya yi kan haske da gani, da kiɗa, da haɗa turare, da nau'o'in takubba, da yadda likita zai auna ƙarfin magani da lissafi. Ya kuma ƙaryata masu cewa za su iya mayar da ƙarfe zinariya.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne wata 'yar risala da ya rubuta kan warware rubutun da aka ɓoye. A zamaninsa, mai son aika saƙon sirri yakan musanya haruffa ne: duk inda harafi kaza ya zo, sai a sa wata alama a madadinsa. Wanda bai san tsarin musanyar ba zai ga tarkace kawai. In ka ce za ka gwada duk hanyoyin musanya ɗaya bayan ɗaya, wallahi jikokinka ma ba za su gama ba.

Al-Kindi ya lura da abin da kowa ke kallo bai gani ba. Kowane harshe yana da haruffan da ya fi so. A Larabci alif da lam sun fi kowane harafi yawa, saboda "al" da ke gaban kalmomi. Sai ya ce a nemi dogon rubutu na harshen da aka yi saƙon da shi, a ƙirga kowane harafi, a jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Sannan a ƙirga alamomin saƙon sirrin haka nan. Alamar da ta fi fitowa, da alama ita ce harafin da ya fi yawa. Shi da kansa ya zauna ya ƙirga haruffa sama da dubu uku don ya fitar da jerin. Ya kuma duba haruffan da ke iya zama kusa da juna da waɗanda ba sa haɗuwa, da kalmomin da aka saba buɗe wasiƙa da su.

Gwada da Hausa ka gani. A cikin "ina kwana" akwai haruffa takwas, uku daga ciki "a" ne. Duk wanda ya ɓoye wasiƙar Hausa ta hanyar musanya haruffa, alamar da ya sa wa "a" za ta cika takardar. Da ka gane ta, sai ka nemi ƙananan kalmomi masu haruffa biyu da ke ƙarewa da ita: da, na, ta, ya. Kafin ka sha shayi ka karanta rabin saƙon. Wannan risala ita ce bayani mafi tsufa da aka sani a kan wannan dabara. Ta daɗe a kwance a wani ɗakin ajiyar littattafai a Istanbul, sai a 1987 wasu masana daga Siriya suka buga ta.

Rayuwarsa ba ta ƙare cikin daɗi ba. A zamanin Halifa Mutawakkil, wanda ya hau a 847, iska ta juya. Masana tarihi sun ruwaito cewa biyu daga cikin 'ya'yan Musa ibn Shakir, Muhammad da Ahmad, su ma manyan masana lissafi da ƙere-ƙere, sun yi masa zagon ƙasa a fada. Halifa ya sa aka yi masa bulala, aka kwashe littattafansa kaf aka kai wani gida daban. Ka duba fa, dattijo da ya kwashe rayuwarsa yana tara ilimi, ya wayi gari littattafansa suna nan amma ba shi da ikon taɓa su.

Yadda suka dawo hannunsa ma labari ne. Halifa ya ba 'yan'uwan nan kwangilar haƙa wata babbar hanyar ruwa, aka yi kuskure a awon, ruwa ba zai gudana yadda ya kamata ba. Aka tura wani masani, Sind ibn Ali, ya duba aikin. Rayuwarsu ta rataya a kan bakinsa. Shi kuwa, duk da cewa ba ya ga-maciji da Al-Kindi, ya gindaya sharaɗin sai sun mayar masa da littattafansa kafin ya rufa musu asiri. Suka mayar. An kashe Mutawakkil a 861 kafin aibin aikin ya fito fili. Al-Kindi ya ƙarasa kwanakinsa a Bagadaza nesa da fada, ya rasu wajajen 870.

To, mu dawo kan laftof. Tun daga risalar nan, masu ƙera kulle suke ƙoƙarin goge duk wani sawu da harshe ke bari a rubutun sirri. Tsarin AES, wanda Amurka ta amince da shi a 2001, kuma shi BitLocker na Windows da FileVault na Mac ke amfani da shi, yana cakuɗa bayanai ta yadda ƙirgar haruffa ba ta nuna komai. Mabuɗin yakan zauna a wani ɗan guntun sashe a kan bod, a Windows ana ce masa TPM. Idan aka canza bod, mabuɗin ya tafi tare da tsohon; idan kuma aka taɓa saitin farko na tashin kwamfuta, sashen yakan ƙi sakin mabuɗin, domin bai san ko ɓarawo ne ya ɗauke ta ba. Shi ya sa masu gyaran nan ba ƙarya suka yi mana ba.

Abokina ya yi sa'a. A dare na uku ya tuna da tsohon imel ɗin da ya buɗe kwamfutar da shi tun tana sabuwa, muka shiga asusun ta waya, sai ga lambar a ajiye. Da wani ne ya saita masa ita da nasa imel, kamar yadda ake yi wa masu sayen ta hannu, da labarin ya sha bamban.

Don haka 'yan'uwa, musamman 'yan ajin ƙarshe, yau ɗin nan ku duba ko faifan kwamfutarku a kulle yake. In BitLocker ne, lambar ceton tana da lambobi 48. Ku rubuta ta a takarda ku ajiye nesa da jakar laftof. Ku kwafe furojet a filash ko imel duk mako, kuma kafin ku miƙa wa mai gyara, ku tabbatar lambar tana hannunku. Al-Kindi ya samu Sind ibn Ali ya karɓo masa littattafansa. Mu babu mai karɓo mana. Allah ya jiƙansa, ya ba mu sa'ar kammalawa lafiya.