Yakoblef, mai zanen da ya zo Damagaram

Yara, kun san hanyar motar da ta taso daga Tasawa, ta bi ta Takeita da Tirmini, ta shiga Damagaram. A shekara ta 1924 babu kwalta a kanta, sai turba da rairayi. A ƙarshen shekarar nan waɗansu motoci 8 suka baro Tasawa, suka nufo Damagaram. A cikin matafiyan akwai wani mutum wanda shi ba direba ba ne, ba makanike ba ne. Kayan aikinsa takarda ne da alli da gawayi. Sunansa Yakoblef. Da faransanci ana rubuta sunan haka: Alexandre Iacovleff.

An haifi Yakoblef a shekara ta 1887 a Sen Pitasbag, babban birnin Rasha na wancan zamani. Ubansa injiniya ne. Shi da wani abokinsa ne suka ƙera mota ta farko a Rasha, a 1896. Uban ya rasu yaron bai cika shekara 11 ba. Yaron kuwa bai gaji ƙira ba, zane ya sa a gaba. A 1905 ya shiga babbar makarantar zane ta birninsu, bai fita ba sai 1913. Shekara 8 ke nan yana koyon yadda ake zana ido da hannu da naɗin tufafi.

To, me ake koyo har shekara 8? Babban abin shi ne haske da inuwa. Ku gwada da kanku. Gobe da hantsi ku kife ƙwarya a tsakar gida, ku dube ta da kyau. Gefen da ke duban rana fari ne fat. Daga nan hasken yana raguwa kaɗan-kaɗan, har ya zama duhu a ɗaya gefen. A ƙasa kuma ga inuwar ƙwaryar a kwance. In kun zana da'ira kawai a kan allo, ba ku zana ƙwarya ba, faifai kuka zana. Sai kun sa duhun nan a inda yake, sa'an nan za ta taso, har mutum ya ji kamar ya kai hannu ya ɗauka. Maginanmu ma sun san wannan. Ku dubi adon da suke yi a fuskar gidajen Birni. Da safe da la'asar ya fi fitowa, domin inuwa tana kwanciya a gefen kowane zane.

Kowane irin fenti da yadda ake samun haske da shi. Fentin ruwa ba shi da kauri, takarda tana bayyana ta ƙarƙashinsa. Saboda haka mai zane yakan bar farar takarda a wurin da yake son haske, ya yi ta ƙara duhu a kewaye. In ya ɓata farin nan, ya ɓata ke nan. Fentin mai kuwa yana da kauri, yana rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Da shi ana iya fara shafa duhu, a ɗora haske daga baya. Amma yakan yi kwanaki bai bushe ba. Yakoblef ya iya duka biyu, ya kuma iya wani fenti da ake damawa da ƙwai. Duk da haka abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne wani jan alli da ake yi da jar ƙasa.

Da ya gama makaranta sai ya shiga yawon duniya. Ya je Italiya da Sifen don ya ga aikin masu zane na dā. A 1917 ya tafi Sin da Mongoliya da Japan. A shekarar nan ce aka yi juyin mulki a Rasha. Da ya gama tafiyarsa bai koma gida da zama ba, sai ya wuce Paris, babban birnin Faransa. Can ya nuna zane-zanen da ya kawo daga gabas, sunansa ya fara fitowa.

A Paris akwai wani mai ƙera motoci, sunansa André Citroën. Yana so ya nuna wa duniya ƙarfin motocinsa. Gwamnatin Faransa kuma tana so a ga cewa mota za ta iya haɗa ƙasashen da ta mallaka a Afirka. Sai aka shirya tafiya, aka sa mata suna Croisière noire, wai don za a ratsa ƙasar baƙar fata. Da hausa dai baƙar tafiya ba suna ne mai daɗin ji ba. Motocin suna da taya a gaba, a baya kuwa wata irin sarƙa ta roba, don kada su kafe a rairayi. Aka ɗauki masu ɗaukar silima, aka ɗauki Yakoblef ya zama mai zanen ayarin.

Ran 28 ga oktoba 1924 suka tashi daga Kolom-Beshar, a ƙasar Aljeriya. Suka ƙetare hamada, suka iso bakin kogin Kwara, suka biyo shi har Yamai. Daga nan sai Doso, sai Maraɗi, sai Tasawa, inda suka sauka wajen Sarki Barmu. A farkon disamba, cikin hunturu, suka shigo Damagaram. Lokacin nan Damagaram ce babban birnin Nijar, sai a 1926 aka mai da gwamna Yamai. Ku tuna kuma, shekara 25 kacal ke nan da yaƙin Tirmini na 1899, inda sojan Faransa suka ci rundunar Sarki Amadu Kuran Daga. Dattijai da yawa da suka ga motocin nan sun ga wancan yaƙi da idonsu.

Matafiya ba sa daɗewa a gari ɗaya, ga ƙura, ga girgizar mota. Fentin mai ba zai bushe ba kafin a tashi. Saboda haka Yakoblef ya riƙe jan allinsa da gawayi da allin launi. Hannunsa yana da sauri ƙwarai. A Maraɗi ya zana shugaban mahayan sarki. A Damagaram ya zana Sarki Barma Mustafa, wanda ya hau gadon sarauta a 1923.

Jan allin nan ya dace da fatarmu. Wanda bai iya ba, in an ce ya zana baƙin mutum, sai ya shafe fuskar duka da baƙi, har ba a gane ko wane ne. Yakoblef ya lura baƙar fata tana ɗaukar haske. Goshi yana ƙyalli, karan hanci yana ƙyalli, ƙarƙashin rawani kuwa duhu ne. Inda ke ƙyalli sai ya sassauta hannu, inda ke duhu ya ƙara gawayi. Shi ya sa in ka dubi zanensa kana ganin mutum guda, da kamanninsa da shekarunsa. Sau da yawa kuma yakan rubuta sunan mutumin da na garinsu a jikin takardar. Ni a ganina wannan ya fi kome daraja a aikinsa, domin Nasaran zamanin nan ba kowa ne ke damuwa da sunan baƙin mutum ba.

Daga Damagaram ayarin ya wuce tabkin Cadi, ya shiga dajin Kwango, ya ƙare tafiyarsa a tsibirin Madagaska a watan yuni 1925. Yakoblef ya koma Paris da ɗaruruwan zane-zane. Ya shiga ɗakin aikinsa, ya baje takardun da ya cika a hanya, ya yi manyan hotuna da fenti. A 1926 aka nuna su, mutanen Paris suka yi ta zuwa kallo, gwamnati ta ba shi lambar girma. A 1927 aka buga guda 50 daga cikinsu a wani babban littafi. Fuskokin kakanninmu ke nan suka tafi Faransa. Yau waɗansu suna gidan tarihi a Paris, waɗansu suna hannun attajirai, lokaci-lokaci ana gwanjonsu da kuɗi masu yawa.

A 1931 Citroën ya sake shirya wata tafiya, daga Bairut zuwa Sin, Yakoblef ya sake bin ayari. Bayan haka, daga 1934 zuwa 1937, ya zama shugaban sashen fenti a wata makarantar zane a Bostan, ƙasar Amurka, yana koya wa samari da ƴan mata abin da shi ma aka koya masa. Ya komo Paris ba shi da lafiya. Likitoci suka yi masa aiki, amma bai tashi ba. Ya rasu ran 12 ga mayu 1938, yana da shekara 50.